HAKKIN MARASA-HAIHUWA CIKIN DUKIYAR JAMA'A

Ya mai-karatu, babu garin da ba shi da gida inda aka yi biki tun da daɗewa, amma har yau ba a yi suna ba. Ka san irin wannan gida. Watakila na maƙwabcinka ne, watakila na 'yar'uwarka, watakila kuwa naka ne. Matar gidan ta dama kunun jego domin mata da yawa, ta goyi 'ya'yan dangi har majanyinta ya tsufa, amma nata ɗakin shiru. Kowane wata ta kan sa rai, kowane wata kuma ta kan fid da rai. Mijinta yana zaune a dandali tare da tsaransa, suna zancen kuɗin makarantar yara, shi kuwa ba shi da ta cewa.

Ga tambayar da mu ke so ka auna tare da mu. Kuɗin da Gwamnati ta ke tarawa, na haraji da na kwastan da na man fetur, dukiyar jama'a ne, naka da namu da na waɗannan mutum biyu. Shin daidai ne a ɗiba daga cikinsa a nema masu magani? Ko kuwa nawayarsu ce su kaɗai, mai-hali ya tafi asibitin kuɗi, mara-hali ya haƙura? Kada ka ce wannan zancen manya ne, na ministoci da 'yan majalisa. Gama dokar ƙasa ba ta kan wuce tausayin mutanen ƙasa, abin da jama'a ta ɗauka abin kunya ne kuwa, babu mai-mulkin da za ya ware masa ko kwabo. Domin wannan ya wajaba ka san inda ka tsaya, da dalilin tsayawarka.

1. RASHIN HAIHUWA CIWO NE

Da fari sai mu kawas da wata tsohuwar ƙarya. Mutane da yawa suna tsammani rashin haihuwa la'ana ce, ko sammu, ko alhakin wani zunubi na ɓoye. Littafi Mai-tsarki bai koya haka ba. Saratu da Rifkatu da Rahila dukansu sun daɗe ba su haihu ba. Luka ya shaidi Zakariya da Alisabatu da adalci sa'anda su ke tsofaffi marasa-ɗa. A labarin Hannatu kuma, ka lura da wadda ta yi abin kunya: kishiyarta Feninna ce, wadda ta riƙa tsokanarta shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafta rashin haihuwa cikin cututtuka, ga kuwa iyakar da ta sa: miji da mata su yi wata 12 suna saduwa, ba su yi wani abin hana ciki ba, ciki kuwa bai shiga ba. A cikin 2023 ta fid da lissafi cewa kamar mutum 1 cikin 6 na manyan mutanen duniya ya kan gamu da wannan a wani lokaci na zamansa, kashi 17.8 cikin 100 a ƙasashe masu-arziki, kashi 16.5 a matalautan ƙasashe da matsakaita. Ashe ba ciwon wata al'umma ɗaya ba ne.

Ba kuwa ciwon mata kaɗai ba ne, ko da shi ke a kansu a ke jibga laifin. A kusan rabin gidajen da abin ya shafa, akwai dalili a wajen miji, ko shi kaɗai, ko tare da matar. Namiji ya iya kasancewa da ƙarfinsa sarai, yana kusantar iyalinsa ba fashi, amma ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyinsa su yi kaɗan, ko su rasa motsi. Hangum da ya kama shi bayan ya balaga, ko ciwon sanyi da bai warke sosai ba, su kan jawo haka. Ido ba ya ganin wannan, sai madubin likita.

A wajen mace kuma, akwai hanyoyi biyu sirara waɗanda ƙwai ya ke bi zuwa mahaifa. Idan cuta ta shiga, hanyoyin su kan kumbura, su warke da tabo, su toshe. Hukumar nan ta yi bincike a ƙasashe 25, aka buga shi cikin 1985. Aka tarar cewa a cikin matan Afirka da aka duba, mafi yawansu cutar da ta shiga jiki ce tushen rashin haihuwarsu, kusan rabinsu kuwa dukan hanyoyin biyu sun toshe. Daga ina cutar ta ke fitowa? Daga ciwon sanyi da danginsa, wanda sau da yawa mijin ne ya kawo shi gida. Daga haihuwa a wuri mara-tsabta da hannun da ba a wanke ba. Daga ɓarin da ba a kula da shi ba, da zubar da ciki a ɓoye. Daga yankan gishiri, da tsargiya, da tarin fuka. Shi ya sa ka kan ga mace ta haihu sau ɗaya, daga nan shiru har tsufa.

Ka riƙe wannan da kyau, gama a kansa sauran magana za ta tsaya: da yawa daga cikin wannan ɓarna da an iya hana ta da kuɗi kaɗan. Yarinyar da ta haihu a ƙauyen da babu ungozoma mai-horo, babu ruwa mai-kyau, zazzaɓin jego ya kama ta, hanyoyinta suka toshe, ina laifinta? Ba ita ta hana a gina ɗakin haihuwa a ƙauyensu ba. Jama'a ce ta yi sakaci, ita ce ta ke biya.

2. ABIN DA LIKITA YA KE IYA YI

Magani hawa-hawa ne, kamar tsani. Matakin fari shi ne dubawa: a gwada maniyyin miji, a duba ko matar tana sakin ƙwai, a ɗauki hoton hanyoyin a ga ko a buɗe su ke. Na biyu shi ne magani mai-sauƙi: a kashe cutar a jikin su biyu tare, a ba matar da ba ta sakin ƙwai maganin sha mai-araha, a koya masu kwanakin wata da ciki ya fi shiga. Na uku shi ne aikin hannun likita, kamar cire ƙari daga mahaifa, ko sa maniyyin mijin can cikin mahaifar matarsa. Na huɗu, can bisa, shi ne dashen ciki, wanda likitoci su ke ce da shi IVF: watau a ɗauko ƙwai daga jikin matar, a gama shi da maniyyin mijin a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 ko 5 a mayas da ɗan tayin cikin mahaifarta. Da haka a ke kewaye hanyar da ta toshe.

An fara haihuwa ta wannan hanya ran 25 ga watan Yuli 1978, a garin Oldham na ƙasar Ingila, ta wurin aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. Tun daga ran nan an haifi yara fiye da miliyan 10 ta haka a duniya. A Nijeriya ma an haifi yarinya ta wannan hanya a Abuja cikin 1998, yanzu kuwa akwai wuraren yinsa a manyan birane, yawancinsu na kuɗi.

Amma matakin nan na bisa yana da aibu biyu. Na ɗaya, babu tabbas: ko ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, kamar dashe 1 cikin 3 ne ke kai wa ga haihuwa, bayan shekara 42 kuwa abin ya kan ragu ƙwarai. Na biyu, tsada. A cikin 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Karo ɗaya na dashe a asibitin kuɗi ya fi albashin shekara ɗungum na irin wannan ma'aikaci. Fiye da kashi 70 cikin 100 na dukan kuɗin da a ke ɓatarwa kan magani a Nijeriya daga aljihun majinyata ya ke fita. Sai ka ga an sayas da gona, an jinginar da gida, matar ta rabu da gwala-gwalanta, karo na fari ya faɗi, babu kuɗin na biyu.

3. MAGANAR MASU-ƘI

Waɗanda su ke cewa kada a taɓa dukiyar jama'a domin wannan ba mugaye ba ne, maganarsu kuma tana da nauyi. Sai mu ji ta da kunnen adalci.

Suna cewa: Kuɗi kaɗan ne, mabukata da yawa. Bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata kamar 75,000 suka mutu a Nijeriya cikin 2023 saboda ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Kuɗin dashe ɗaya ya isa a sayi jini da magani a ceci masu-naƙuda da dama. Ƙaƙa za a bar mai-rai ta mutu domin neman wanda bai zo ba tukuna?

Suna cewa kuma: Ƙasa ta cika da mutane. Ƙididdigar 2018 ta nuna macen Nijeriya ta kan haifi 'ya'ya fiye da 5 bisa matsakaicin lissafi. Makarantu ba su isa ba, aiki bai isa ba. Ina dalilin ƙara waɗansu da kuɗin Gwamnati?

Suna cewa har yanzu: Rashin haihuwa ba ya kisa. Wanda bai haihu ba yana ci, yana sha, yana noma. Asibitin Gwamnati na masu-ciwo ne.

4. AMSA

Maganarsu ta ƙarshe ita ce mafi rauni. Ba domin tsare mutuwa kaɗai aka gina asibiti ba. Yanar ido ba ta kisa, amma babu mai-cewa a bar tsoho ya makance. Karaya ba ta kisa, amma a kan ɗora ta. Idan wata gaɓa ta jiki ta kasa yin aikin da aka halitta ta dominsa, wannan ciwo ne, mahaifa kuwa gaɓa ce kamar ido. Banda haka, ka dubi abin da rashin haihuwa ya ke yi wa mace a cikinmu. A kan kira ta juya a gaban jama'a. A kan yi mata kishiya domin a wulakanta ta, ko a sake ta. Idan mijin ya rasu, dangi su kan nuna mata ƙofa. A ƙasar da yawancin mutane ba su da fansho, 'ya'ya su ne rumbun tsufa. Wadda ba ta da ɗa ta kan tsufa da talla a ka. Ga kuma jiƙe-jiƙen da a ke ɗura mata, waɗanda su kan ƙona hanta da ƙoda. Wanda ya ce wannan ba ciwo ba ne, bai taɓa kwana a ɗakin ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Ta biyu kuma, watau yawan jama'a, ga amsarta. Ƙoshin maƙwabci ba ya maganin yunwarka, 'ya'ya takwas na wani gida kuma ba su share hawayen gidan da babu ko ɗaya. Idan hukuma ta kai maganin tazarar haihuwa har ƙofar mai-'ya'ya da yawa, ta kuwa juya wa mara-ɗa baya, ta nuna cewa ƙirgan kawuna ta ke yi, kamar mai-karɓar jangali. A babban taron da aka yi a Alƙahira cikin 1994 bisa zancen yawan jama'a, ƙasashe 179 suka yarda cewa hana rashin haihuwa da yi masa magani suna cikin aikin kula da lafiyar iyali. Hikima ma tana nan: macen da ta ke tsoron zama juya ba za ta yarda da tazara ba, amma idan ta ga asibitin da ke taimakon mai-son hutawa yana taimakon mai-nema kuma, sai ta amince da shi.

Ta fari ita ce mai-ƙarfi, ba kuwa za mu yi musunta ba: ran mai-naƙuda yana gaba. Amma ka lura, ungozoma ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, magani ɗaya ne ke tsare mace daga mutuwa yau, ya kuma tsare hanyoyinta daga toshewa gobe. A gindin tsani babu gardama tsakanin bukatun nan biyu. Ka tuna kuma dalilin da ya sa kuɗin ya yi kaɗan. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. A yawancin shekarun da suka biyo baya Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ba ta ware ko rabin wannan ba. Ba daidai ba ne a ƙuntata tukunya, sa'annan a ce wa mayunwata biyu su yi kokawa a kan ƙanzo.

5. ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Waɗansu sun riga mu shiga wannan ruwa, ya kamata mu duba inda suka haye da inda suka nutse.

A Beljiyam, cikin 2003, Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ɗakin gwaji har karo 6 ga macen da ba ta kai shekara 43 ba, amma da sharaɗi: a rage yawan 'yan tayin da a ke dasawa, ga ƙaramar mace a karo na fari guda ɗaya tak. Ga dalili. Wanda ya sayas da gonarsa domin karo ɗaya ya kan roƙi likita ya dasa biyu ko uku, kada kuɗinsa ya tafi banza. Daga nan sai tagwaye da 'yan uku. Su kan zo bakwaini, su yi makonni a kwalba, waɗansu su mutu, waɗansu su nakasa, uwar kuma ta shiga haɗari. Da aka kafa dokar, irin wannan ciki ya ragu da fiye da rabi, kuɗin da a da a ke ɓatarwa kan jinyar bakwaini ya taimaka wajen biyan dashen. Tausayi da tattali suka kwana ɗaki ɗaya.

A lardin Kwibek na ƙasar Kanada aka fara biya cikin 2010, har karo 3. Nan ma cikin tagwaye da 'yan uku ya sauko daga kamar 1 cikin 4 zuwa ƙasa da 1 cikin 10. Amma ba a sa iyakoki sosai ga wanda za ya shiga ba, kuɗi ya wuce abin da aka zata, sai aka rufe shirin cikin 2015.  Sai cikin 2021 aka sake buɗewa, karo ɗaya kaɗai, da iyakar shekaru. Alherin da ba a auna ba ya kan ƙare tun rana tsaka.

A Jamus, cikin 2004, aka rage abin da inshorar ƙasa ta ke biya zuwa rabin kuɗin. Nan da nan yawan dashen da a ke yi ya faɗi da kusan rabi. Ciwon bai ragu ba, masu-ƙaramin ƙarfi ne suka janye. A Ingila kuwa, hukumar da ke ba asibitocin Gwamnati shawara ta ce tun 2004 a ba ƙananan mata karo 3, amma aka bar wa kowane yanki ya yanka nasa. Sai ya zama wani yanki yana ba da uku, wani ɗaya, har rabon mace ya rataya ga unguwar da ta ke zaune. Makwabciyarsu Sukotilan ta daidaita nata cikin 2017, karo 3 ga dukan wanda ya cika sharaɗi.

Darasi uku ke nan: inda aka biya da ƙa'ida, iyaye da jarirai sun fi tsira, inda aka biya ba ƙa'ida, abin bai ɗore ba, inda aka ƙi biya, haihuwa ta koma kayan masu-kuɗi.

6. TSARIN ADALCI

To, mene ne ya wajaba ga ƙasar da aljihunta bai kai na waɗannan ba? Ba mu ce ta yi abin da ya fi ƙarfinta ba. Mun ce ta fara hawan tsani daga ƙasa, kada kuwa ta ce babu tsani.

Da fari rigakafi, gama ya fi magani: ungozoma mai-horo da ruwa mai-kyau a kowane ɗakin haihuwa, maganin ciwon sanyi ga miji da mata tare, kula da mai-ɓari ba tare da zagi ba, maganin tsargiya ga yara, da hana yankan gishiri.

Na biyu, dubawa mai-araha a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma. Gwajin maniyyi ba ya bukatar komi mai-tsada banda madubi da ma'aikaci mai-horo. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga mazauna Nijeriya. Ya cancanta a sa wannan gwaji da magani mai-sauƙi a cikin abin da inshorar za ta biya, a rubuce, domin kada a kori kowa a bakin taga.

Na uku, dashe a asibitocin koyarwa na Gwamnati da rangwame, bisa ƙa'ida ɗaya ga kowa: karo nawa, har shekara nawa, ɗan tayi nawa, a fara da waɗanda ba su da ɗa ko ɗaya, a bi layi, kada takardar wani babba ta tsallakar da kowa. Tsadar ma ba dutse ba ce da ba ya motsi. A cikin 2013 likitocin garin Genk na Beljiyam suka nuna wata hanya mai-sauƙi ta renon ɗan tayi cikin 'yan kwalabe, ba tare da manyan na'urori ba, aka kuwa haifi yara lafiyayyu ta wurinta.

Na huɗu, tsaro. Inda hukuma ta janye, macuta su kan shiga. A cikin 2024 'yan jarida na BBC suka tona asirin waɗansu wurare a kudu maso gabashin Nijeriya, inda a ke yi wa mata allurai har ciki ya kumbura, a ce masu ɓoyayyen ciki ne wanda hoto ba ya gani, a karɓe masu kuɗi mai-yawa, a ƙarshe a miƙa masu jaririn da aka raba da uwarsa. Wajib ne hukuma ta san kowane mai-wannan aiki, ta duba shi, ta tilasta masa faɗin gaskiyar yawan waɗanda suka haihu a hannunsa. Wannan ba ya cin kuɗi da yawa, yana kuwa tsare gonakin talakawa.

7. ZANCEN LAMIRI

Watakila zuciyarka tana cewa: Haihuwa ta Allah ce, ina ruwan likita? Gaskiya ne, kyauta ce. Hatsi ma kyauta ne, amma ba ka bar fartanya a rataye ba. Neman magani ta hanyar halal ba rashin dogara ba ne.

Amma bisa zancen dashe kansa, masu-tsoron Allah ba su zama baki ɗaya ba, ba kuwa za mu ɓoye maka ba. Ekklesiyar Katolika ta ƙi shi cikin wata takarda ta 1987, domin yana raba samun ciki da saduwar miji da mata, domin kuma 'yan tayin da su kan ragu. Ekklesiyoyi da yawa na Furotesta sun yarda da shi tsakanin ma'aurata, tare da gargaɗi bisa 'yan tayin nan. Maƙwabtanmu Musulmi suna da fatawar da aka bayar a Masar cikin 1980, wadda ta halatta shi idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, aure kuma yana nan. Tun da shi ke dukiyar ta jama'a duka ce, dokar kirki ba za ta tilasta wa kowa ba, ko majinyaci ko likita. Za ta kuma hana a mai da ɗan tayi ko ƙwan 'yar talaka kayan kasuwa. Kai kuwa, idan abin ya zo kanka, ka tambayi likita sarai abin da za a yi da kowane ɗan tayi tun ba a fara ba, ku yi shawara da matarka da dattawan ekklesiyarku. Ka lura kuma, ko wanda lamirinsa ya ƙi matakin bisa, ba shi da hujjar ƙin matakai uku na ƙasa.

8. ABIN DA YA RATAYA A WUYANKA

Kai maigida, idan shekara ta kewayo babu labari, ku tafi asibiti ku biyu, ka kuwa fara miƙa kanka ga gwaji. Naka ya fi sauƙi, ya fi araha. Abin kunya ne namiji ya bar matarsa ta sha ɗaci shekara goma, a zage ta a gabansa, alhali bai taɓa bari an duba shi ba. Idan aka tarar a wajenka ne, ka faɗa wa danginka da bakinka, ka sauke mata kayan da ba nata ba. Idan a wajenta ne, ka tuna alkawarin da ka ɗauka ran aure bai rataya ga ɗa ba. Ka tsare kanka daga matan waje, gama cutar da ka ɗauko a dare ɗaya ta iya rufe gidanka har abada.

Ke uwar miji, ke ƙanwar miji, ku tsare harshenku. Habaici a bakin murhu ya kori mata da yawa daga ɗakunansu, bai taɓa kawo jika ko ɗaya ba.

Ke 'yar'uwa mai-jira, kada ki ɓata shekarun ƙuruciyarki a ƙofar bokaye da masu-sayar da addu'a. Shekaru suna da nasu aiki a wannan al'amari, zuwa da wuri ya fi. Kada ki ba kowa kuɗi domin ya ce tabbas ne, gama likitan gaskiya ba ya cewa tabbas. Darajarki kuwa ba a cikin mahaifarki ta ke ba; cikakkiyar mutum ce ke, ko da goyo ko babu.

Ku jama'ar masu-bi, kada ku mai da marasa-haihuwa baƙi a cikinku. Ku ba su aiki da wurin zama da girma kamar kowa. Idan kuna tara gudummawa domin mai-karaya, ku tara domin kuɗin motar waɗanda za su je gwaji birni. Waɗansu za su yi dukan abin da a ke yi, ba za su samu ba. Kada ku ce bangaskiyarsu ce ta gaza. Idan suka ɗauki maraya riƙo, ku karɓe shi ɗan gida sosai, gama ɗa na kowa ne.

Kai ɗan ƙasa mai-biyan haraji, sa'anda masu-neman ƙuri'a suka zo ƙofarka, ka tambaye su zancen ɗakin haihuwa na garinku, da ungozoma, da madubin gwaji, da alkawarin kashi 15. Ka yi tambayar ko da gidanka cike ya ke da yara, ka yi ta domin maƙwabciyarka wadda kunya ta hana ta buɗe baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka; domin ɗaukar abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya aka kafa baitulmali tun asali, mara-haihuwa kuwa ya zuba nasa a ciki kamar kowa.